Wutar Cek: Yadda Hayaƙin Los Angeles Ya Sauya Sana'ar Kanikanci

Duk wanda ya saba zama a bencin gareji, a wajen Ƙofar Ruwa ne a Kano ko a Panteka ta Kaduna, ya san yadda abin yake tafiya. Mai mota zai faka, ya sauke gilashi, ya ce, "Oga, ta sake kawo cek." Oga ba ya ko ɗaga bonet. Yaro yake ƙwala wa kira ya ɗauko na'ura. Yaron ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya cusa hannu ƙarƙashin sitiyari yana laluben wani ɗan soket mai ramuka 16, ya jona waya, a murɗa makulli ba tare da an tayar da inji ba. Kafin mai shayin da ke gefe ya gama firfita kofi ɗaya, allon ya rubuta P0420. Oga ya leƙa, ya ce, "Alhaji, indominka ce ta gaji."

Shekara 40 da suka wuce, maigidan da ya koya wa wannan Ogan aiki ba haka yake gano ciwon mota ba. Zamanin Fijo ne, wadda masana'antar Kaduna ta fara haɗawa a 1975, kuma kayan binciken bakanike a jikinsa suke. Yakan ɗora bakin sukundireba a kan inji ya kara ƙotar a kunne, ya ji ko bawul ne ke kuka ko fistin. Yakan kwance fulogi ya duba launinsa: baƙi wuluk, mai ya yi yawa; fari fat, iska ta fi ƙarfin mai. Yakan tara tafin hannu a bakin salansa ya shinshina. In silo bai zauna ba, ya juya ɗan sukurun kafireto har sai muryar inji ta daidaita. Ilimi ne na gaske, wanda yaro kan share shekaru yana wanke sifanu kafin a amince ya taɓa kwantak.

Abin da ya raba waɗannan zamuna biyu wata 'yar fitila ce mai launin ruwan lemo a gaban direba. Jama'a da yawa sun ɗauka kamfanoni ne suka ƙirƙiro ta don taimaka wa mai mota ko bakanike. Ba haka tarihinta yake ba. Hukuma ce ta tilasta ta, kuma saboda iskar da mutane ke shaƙa.

A ranar 26 ga Yulin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wani hazo mai yaji ya lulluɓe tsakiyar birnin Los Angeles a jihar Kalifoniya ta Amurka. Idanu suka yi ta zubar da hawaye, maƙogwaro na raɗaɗi, direbobi ba sa hango nesa. Wasu suka ce ai Japan ce ta kawo harin iskar guba. Hukumomi suka ɗora laifin a kan wata masana'antar sinadarin haɗa roba, aka rufe ta, hazon bai tafi ba. Aka koma kan matatun mai, aka koma kan masu ƙona shara a bayan gida. Shekara da shekaru ana laluben ɓarawo, alhali yana fake a ƙofar kowane gida.

Wanda ya kama shi ba injiniyan mota ba ne. Arie Haagen-Smit masanin sinadarai ne ɗan asalin Holan da ke koyarwa a jami'ar Caltech, kuma kafin wannan lokaci abin da ya sa a gaba shi ne binciken inda ƙamshin abarba yake fitowa. Dabarar da yake tatso ƙamshin 'ya'yan itace da ita ya juya kan iskar gari. A farkon shekarun 1950 ya nuna cewa ragowar fetur da bai ƙone ba, in ya haɗu da sinadaran naitirojin da zafin inji ke haifarwa, sannan rana ta doke su, sai su rikiɗe su zama iskar ozon da sauran abubuwan da ke ƙona ido. Ya ma haɗa hazon da hannunsa a ɗakin gwaji, yana auna ƙarfinsa da 'yan tsinkayen roba da ya lanƙwasa: gwargwadon saurin tsagewar robar, gwargwadon yawan ozon. Kamfanonin mota da na mai suka yi masa ca, suka ɗauki nauyin wasu masu bincike su ƙaryata shi, binciken ya dawo ya gaskata shi. Da Gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar kafa hukumar kula da iska ta Kalifoniya, CARB, a 1967, Haagen-Smit ne ya zama shugabanta na farko.

Daga nan doka ta yi ta matsewa. A ƙarshen 1970 Amurka ta yi dokar tsaftace iska da ta buƙaci a rage manyan gubobin salansa da kashi 90 cikin 100. Amsar da yawancin kamfanoni suka samo, daga motocin 1975, ita ce wata tukunya da ake sawa a hanyar salansa, cikinta kamar saƙar zuma, an shafe ramukan da ƙarafa masu tsada, waɗanda a yau su ne filatinam da faladiyam da rodiyam. Hayaƙi in ya ratsa ta da zafinsa, gubar ta sauya ta zama iskar da ba ta kai ta farko illa ba. Ita ce kanikawan Najeriya suka raɗa wa suna indomi, don cikinta ya yi kama da curin taliyar.

Sai dai tukunyar nan tana da tsirfa. Irin wadda ke maganin gubobi uku a lokaci guda ba ta aiki sosai sai an riƙe ma'aunin iska da fetur daf da kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a bisa nauyi. Kafireto da sukundireba ba za su iya riƙe wannan ma'auni a kan tudu da gangara, da sanyin asuba da zafin azahar ba. A 1976 kamfanin Bosch na Jamus ya fito da sensar da ake ɗaurawa a salansa tana ɗanɗana ragowar iskar oksijin a cikin hayaƙi, Volvo na Suwidin ya fara sa ta a motocin da ya kai Kalifoniya. Sensar tana aika saƙo, wata 'yar kwamfuta tana ƙara mai ko ta rage, babu hutu muddin inji na juyawa. Nan ƙwaƙwalwar mota ta samo gindin zama.

Nan kuma sabuwar matsala ta ɓullo. Sensar oksijin tana iya mutuwa mota ta ci gaba da tafiya lafiya lau, direba bai ji komai ba, bakanike bai ji komai ba, amma salansa na fitar da guba ninkin-ba-ninkin. Ciwo ne da kunne ba ya kamawa. Dole motar ta koyi kai ƙarar kanta.

General Motors na cikin waɗanda suka fara yin abin a sarari. Daga wajen 1980 ya riƙa sa wa motocinsa wani soket da ya kira ALDL, wanda asalinsa don ma'aikatan masana'anta ne su gwada mota kafin ta bar layin haɗawa. Kanikawa suka gano amfaninsa nan da nan. A irin mai ramuka 12, in aka lanƙwasa ɗan ƙarfen maƙale takardu aka haɗa ramin A da na B, aka murɗa makulli, sai fitilar ta fara magana da ƙiftawa. Ƙiftawa ɗaya, ta ɗan dakata, ƙiftawa biyu: lamba 12 ke nan, ma'ana ƙwaƙwalwa tana nan a farke. Ta maimaita sau uku, sannan ta shiga jero laifuffukan da ta adana, kowanne sau uku. Bakanike yana zaune a kujerar direba da biro da takarda yana ƙirga, in ya yi atishawa ƙirgar ta ɓace, sai ya jira ta zagayo.

Kowane kamfani kuma da nasa yaren. A Toyota ramukan TE1 da E1 ake haɗawa a wani ɗan akwati. A wasu tsofaffin Honda sai an ɗaga kafet ɗin gefen fasinja, a kalli wata jar fitila a jikin ƙwaƙwalwar kanta. A Chrysler makulli ake murɗawa a kunna a kashe, a kunna a kashe, a kunna, sai ta jero lambobinta ta rufe da 55. A Ford wasu kan jona mitar auna wuta su ƙirga kaɗawar allura. Lamba ɗaya tana iya nufin abu daban a mota daban. Hukumar Kalifoniya ta fara wajabta wannan tsari na kai ƙara daga motocin 1988, amma ba ta ce a yi soket iri ɗaya ko yare ɗaya ba. Ƙaramin gareji da ke karɓar kowace irin mota sai ya tara jakar wayoyi da tarin littattafai, ko ya tura mai mota wurin dila.

Gyaran wannan kuskure shi ne abin da ake kira OBD-II, wanda ya zama dole a kan duk ƙananan motocin fetur da ake sayarwa a Amurka daga samfurin 1996. Soket ɗaya mai ramuka 16, a kusa da kujerar direba, wanda za a kai gare shi ba tare da an kwance komai ba. Rami na 16 yana ɗauke da wutar batir, shi ya sa na'ura ke kunnuwa da zarar an jona ta. Turai ta bi sahu da nata tsarin, motocin fetur daga 2001, na dizal daga 2004. Wanda ya san yadda kamfanonin mota ke kishin sirrinsu zai gane girman wannan abu. Wata dokar Amurka ta 1990 ta ma tanadi cewa bayanan gyaran da suka shafi hayaƙi a buɗe su ga kowane mai gyara, ba dila kaɗai ba. Yaron da ke durƙushe a Panteka yana cin moriyar wannan tanadi ne, ko da bai taɓa jin labarinsa ba.

Lambar da allo ke nunawa tana da tsari mai sauƙi. Harafin farko yana faɗin sashe: P inji da giya, B jikin mota, C ƙafafu da birki da sitiyari, U hanyar da ƙwaƙwalen mota ke zance da juna. In sifili ya biyo baya, ma'anar ɗaya ce a Toyota da Honda da Marsandi. In 1 ne, yaren kamfani ne, sai an nemi littafinsa. P0301 na nufin silinda ta ɗaya tana tsallake ƙuna, P0302 ta biyu, P0300 kuwa tsallaken ba a wuri ɗaya yake ba. Ƙwaƙwalwa tana gane hakan ne daga ɗan jinkirin da ƙaramshaf ke yi a daidai lokacin da ya kamata waccan silindar ta tura shi.

Fitilar kanta tana da ladabi. An tsara ta ta kama ne idan laifin zai iya sa hayaƙi ya zarce ƙa'ida da ninki ɗaya da rabi. A yawancin laifuffuka ba ta kamawa a karo na farko, sai ƙwaƙwalwa ta sake ganin abin a tafiya ta biyu. In laifin ya ɓace tafiya uku a jere, ita da kanta take mutuwa, lambar ta zauna a ajiye har inji ya yi sanyi ya yi zafi sau 40. Tana ɗaukar hoton halin da inji yake ciki a daidai lokacin da abin ya faru: gudu nawa, zafi nawa, totur ya buɗe yaya. Har murfin tanki da ba a ɗaure da kyau ba tana iya kai ƙararsa, domin an ɗora mata gano yoyon tururin fetur ko da ramin bai wuce milimita ɗaya ba. Amma in ta shiga ƙiftawa ana cikin tafiya, wannan ba ladabi ba ne, ihu ne: ɗanyen fetur na kwarara cikin indomi, kuma zafinsa na iya narkar da ita. A rage gudu a nemi gefen titi.

Duk wannan tsari ya iso ƙasar Hausa ne ta bayan gida. Bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 darajar naira ta zube, sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun na-hannu, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, daga baya kuma Kamri da Akod daga Amurka. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya ƙirga ƙananan motoci na hannu miliyan 14 da Turai da Amurka da Japan suka fitar tsakanin 2015 da 2018, kashi 40 cikin 100 Afirka suka nufa. Motocin sun zo da fitilarsu da soket ɗinsu, amma babu na'urar karantawa, babu littafi, babu wanda ya koya wa bakaniken Fijo. Kuma na farko-farko sun tarar da fetur mai dalma, wadda ke kashe indomi da sensar oksijin. Sai a farkon 2006 ƙasashen Afirka kudu da Sahara suka gama rabuwa da shi.

Kanikawa suka yi abin da suka iya da ilimin da ke hannunsu. An sha cire injekta a mayar da mota kafireto. An sha zare tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai motar Turawa ce ba ta san zafin Sakkwato ba. Sakamakon shi ne inji ya daɗe bai ɗau zafin aikinsa ba, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu safiya ce, ta yi ta zuba mai, a wasu motocin kuma P0128 ta fito. Mai mota ya yi ta kukan shan mai bai san daga ina ba. Ba rashin basira ba ne. Mutanen da suka iya raya mataccen inji da waya da guntun roba ba dolaye ba ne. An kawo musu mota mai magana ne ba a kawo tafinta ba.

Tafintan ya zo da araha daga baya. Wani ƙaramin kamfani a Kanada, ELM Electronics, ya yi wani guntun lantarki mai suna ELM327 da ke fassara yarukan soket ɗin zuwa abin da kwamfuta za ta karanta. Masana'antun Sin suka kwaikwaye shi suka cika duniya da shi, a cikin ɗan akwatin da bai kai na ashana biyu ba, yana magana da wayar hannu. Yau da wuya a shiga babban gareji ba a ga allon da aka rubuta ana duba mota da kwamfuta ba.

A nan ne kuma sabon kuskure ya samu wuri, kuma shi ya fi cin kuɗin jama'a yanzu. Lamba ba ta cewa a sauya kaza. Abin da take faɗa shi ne ƙwaƙwalwa ta ga kaza. Ƙwararren da ya ga P0301 ba ya aika yaro kasuwa tukuna. Yakan cire kwayil ɗin silinda ta ɗaya ya musanya da na ta biyu, ya goge lambar, ya zaga da motar. In ta dawo P0302, laifi ya bi kwayil, magana ta ƙare. In ta tsaya a P0301, sai ya musanya fulogi, sannan nozul, sannan ya auna matsin silindar. Aikin minti 20 ne da ke hana sayen kwayil huɗu.

P0171 ta fi wannan yaudara. Ma'anarta iska ta fi ƙarfin mai, kuma da yake sensar oksijin ce ta kawo rahoton, ita ake fara sauyawa, kamar a doke ɗan aike saboda saƙo bai yi daɗi ba. Mai sani yakan buɗe shafin da ke nuna yawan man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don cike giɓi. In ƙarin ya yi yawa a silo amma ya sauka da aka taka totur, iska ce ke sata ta wata tsagaggiyar roba, kuma sau da yawa kunnen tsohon bakanike ne zai ji shewarta. In kuwa ƙarin yana hawa ne da an ɗora wa inji nauyi, sai a dubi famfon mai da matatarsa, ko sensar auna iska da ƙurar hunturu ta dusashe. Na'urar ta nuna unguwa, amma gidan sai an bi da ƙafa.

Ita kuwa P0420 da aka fara da ita, labarinta ya fi ɗaci. Tana fitowa ne idan sensar da ke bayan indomi ta fara rawa irin ta wadda ke gabanta, alamar tukunyar ba ta tace komai. Wani lokaci tsufa ne, wani lokaci yoyon salansa ne kawai. Amma sau da yawa tukunyar fanko ce: an fasa ta an kwashe cikin, ko a hanya kafin mota ta iso, ko a wani gareji da sunan za ta ƙara gudu, domin ƙarafan cikinta kuɗi ne a hannun masu saye. Daga nan sai a ɗaura wa sensar baya wani ɗan ƙarfe da zai janye ta daga hayaƙi, ko a cire ƙwan fitilar, ko a manna masa baƙin salatif ta ciki. Abin da aka share shekara 50 ana gini don kare huhun mutane, a rushe shi da guduma cikin rabin awa, hayaƙin kuma ya tafi fuskar mai talla da ɗan makaranta da ke tsaye a bakin titi.

Mai sayen mota ta hannu yana da makamai biyu a kan wannan. In aka murɗa makulli kafin a tayar, dole wutar cek ta kama tare da sauran fitilu. In ba ta kama ba, an taɓa ta. Sannan goge lamba ko cire kan batir yana share gwaje-gwajen da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta, kuma ba sa cika sai an yi tafiya mai ɗan tsawo. Na'ura mafi araha tana nuna su. Motar da ba ta da lamba ko ɗaya amma gwaje-gwajenta duk ba su kammala ba, ba a daɗe da wanke mata allo ba. Motocin Amurka daga wajen 2010 ma suna da wasu lambobi da ba sa gogewa da na'ura, sai ƙwaƙwalwa ta tabbatar da kanta an yi gyaran.

Soket ɗin da doka ta buɗe, yanzu ana ja-in-ja a kan sake rufe shi. Masu zaɓe a jihar Massachusetts ta Amurka sun amince da dokar 'yancin gyara a 2012, suka faɗaɗa ta a 2020 da kusan kashi 75 cikin 100 na ƙuri'u don ta haɗa da bayanan da sababbin motoci ke aikawa kamfani ta iska, ƙungiyar masu ƙera motoci ta garzaya kotu. Su ma kamfanonin suna da hujjarsu. A 2015 wasu masana tsaron kwamfuta biyu, Charlie Miller da Chris Valasek, sun kutsa cikin wata Jeep Cherokee daga nesa tana tafiya a kan babbar hanya, abin da ya sa Fiat Chrysler, kamfanin da ke ƙera ta, ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Daga samfurin 2018 kamfanin ya fara sa wani shinge a bayan soket ɗin: kowa na iya karanta lamba, amma goge ta ko ba wa wani sashe umarnin gwaji sai da na'urar da aka amince da ita, da rajista ta intanet, da kuɗin shekara. Wasu kamfanonin sun bi irin wannan hanya. Motocin waɗannan shekaru sun riga sun fara sauka a tashar Legas a matsayin na-hannu, suna hawa tirela zuwa Kaduna da Kano.